Amsoshin Tambayoyinku: Kyautar Nobel ta Fiziks, Waɗanda Suka Samu da Waɗanda Aka Tsallake

Tun daga watan Oktoba, lokacin da aka sanar da cewa John Clarke da Michel Devoret da John Martinis ne suka samu kyautar Nobel ta shekarar 2025 a fannin fiziks, wasiƙun masu karatu suke ta zuwa wannan fili a kan kyautar da tarihinta. Na zaɓi bakwai daga ciki, na taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri, sauran kuma ina neman afuwar masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Ɗalibaina sukan tambaye ni asalin kyautar Nobel, da wanda yake zaɓen masu cin ta, da wanda ya fara samun ta a fiziks. Ina roƙon a yi mini bayani.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da yaranmu. Alfred Nobel mutumin ƙasar Suwidin ne, an haife shi a birnin Stockholm a 1833, kuma shi ne ya ƙirƙiro nakiyar nan da ake fasa duwatsu da ita wajen gina hanyoyi da haƙar ma'adinai, wadda ta mai da shi ɗaya daga cikin manyan attajiran Turai. Bai yi aure ba, bai kuma bar ɗa ba. Ranar 27 ga Nuwamba, 1895, ya sa hannu a wasiyyarsa a birnin Paris, inda ya ce a juya mafi yawan dukiyarsa, wadda ta kai kimanin kurona miliyan 31, a riƙa raba ribar kowace shekara ga waɗanda suka fi amfanar da 'yan Adam a fannoni biyar. Fiziks ya fara ambata, sannan kimiyyar sinadarai, da likitanci, da adabi, da zaman lafiya. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 1896, a garin San Remo na Italiya, kuma saboda wasu daga cikin danginsa sun ja da wasiyyar, sai a 1901 aka fara rabon.

Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin ce take zaɓen wanda zai samu ta fiziks. A watan Satumba ake aika takardun gayyata ga dubban masana a jami'o'in duniya domin su ba da sunayen waɗanda suke ganin sun cancanta, ana rufe karɓa a ƙarshen Janairu, kwamiti ya tace, cibiyar ta kaɗa ƙuri'a a farkon Oktoba. Mutum ba ya ba da sunan kansa, ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin, kuma takardun zaɓen sukan zauna a rufe shekara 50 kafin a bari masana tarihi su duba su. Ranar 10 ga Disamba, wato ranar rasuwar Nobel, Sarkin Suwidin yake miƙa lambar zinariya da takardar shaida a Stockholm, kuɗin kuma a 2025 kurona miliyan 11 ne.

Wanda ya fara samun ta Bajamushe ne, Wilhelm Röntgen. Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, yana gwaji a Jami'ar Würzburg da wani bututun gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa aka sa masa lantarki, ya kuma lulluɓe shi da baƙin kwali, sai ya lura da wani allo mai sinadari a can gefe yana ƙyalli a cikin duhu, alhali babu ta inda haske zai fita. Ya yi makonni yana bin diddigin abin shi kaɗai, kuma a ƙarshen Disamba ya ɗora hannun matarsa a kan farantin hoto, hoton ya fito da ƙasusuwan yatsunta da zoben da ke ɗaya daga cikinsu. Ya sa wa hasken harafin X saboda bai san ko mene ne ba. Duk wanda aka taɓa ɗauka hoton ƙashi ko na ƙirji a asibiti ya ci gajiyar wannan aiki. Röntgen ya ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano domin kowa ya amfana, kuɗin kyautar kuma ya bai wa jami'arsa.

Akwai abubuwa uku da ya kamata ɗalibanka su riƙe, domin kusan duk ƙorafin da ake yi a kan wannan kyauta daga gare su yake tasowa. Ba a raba ta ga fiye da mutum uku a shekara, ba a bai wa mamaci, kuma al'ada ta kafu cewa ba a saka wa tunani, komai kyansa, sai gwaji ya tabbatar da shi.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Na ji an ce Albert Einstein bai samu kyautar saboda nazariyyar da ta sa ya yi suna ba. Gaskiya ne?

AMSA: Gaskiya ne, 'yata. Abin da duniya ta san Einstein da shi ita ce nazariyyar dangantakar lokaci da sarari, wadda ya fitar da kashinta na farko a 1905, na biyu kuma a 1915. Daga 1910 masana suka yi ta ba da sunansa kusan kowace shekara, kwamitin yana ƙi. A ranar 29 ga Mayu, 1919, aka yi husufin rana, masanan Ingila ƙarƙashin Arthur Eddington suka ɗauki hotunan taurari daga tsibirin Principe, nan kusa da mu a Mashigin Gini, wata tawagar kuma daga Sobral a Brazil, sakamakon ya nuna cewa hasken tauraro yana lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana, kamar yadda Einstein ya faɗa. Sunansa ya cika duniya, amma a Stockholm ba a gamsu ba. Babban mai adawa da shi a kwamitin shi ne Allvar Gullstrand, likitan ido wanda shi kansa ya samu Nobel ta likitanci a 1911, kuma ya rubuta rahoto yana kushe nazariyyar. Har ta kai a 1921 kwamitin ya gwammace ya ajiye kyautar wannan shekara ba tare da an bai wa kowa ba.

Wani masani daga Uppsala, Carl Wilhelm Oseen, shi ya samo mafita. Ya ba da shawarar a saka wa Einstein a kan wani aikinsa na 1905, inda ya bayyana yadda haske yake fizge ilektaron daga jikin ƙarfe, ta hanyar ɗaukar cewa haske yana zuwa ne dunƙule-dunƙule. Wannan aikin Ba'amurke Robert Millikan ya riga ya gwada shi a ɗakin gwaje-gwaje ya same shi daidai, don haka kwamitin ba shi da hujjar ƙi. A Nuwamban 1922 aka sanar da cewa an bai wa Einstein kyautar 1921, aka bai wa Niels Bohr na Danmak ta 1922. Einstein yana kan tafiya zuwa Japan, bai halarci bikin ba, kuma da ya zo Suwidin a Yulin 1923 ya gabatar da laccarsa a birnin Gothenburg, a kan nazariyyar da aka ƙi ambata ya yi magana. Kuɗin ya tafi ga matarsa ta farko, Mileva Marić, da 'ya'yansu, kamar yadda suka yi yarjejeniya lokacin rabuwarsu.

Kada ki ɗauka aikin da aka saka masa a kai ƙarami ne, domin yana cikin ginshiƙan fiziks na zamani. Sai dai a ganina kwamitin ya yi kuskure, kuma lokaci ya nuna haka. A 1916 Einstein ya ce idan manyan halittun sama suka motsa da ƙarfi, sarari kansa zai yi rawa kamar ruwan tafki da aka jefa wa dutse. Ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO a Amurka suka kama wannan rawa daga karon wasu baƙaƙen ramuka biyu na sararin samaniya, kuma a 2017 aka bai wa Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne kyautar a kan haka, shekara 62 bayan rasuwar Einstein.

TAMBAYA: Daga wani mai karatu a Garwa: Akwai wanda ya taɓa samun ta sau biyu? Wane ne mafi ƙarancin shekaru?

AMSA: A fiziks mutum ɗaya ne tak ya samu sau biyu, Ba'amurke John Bardeen. Ya samu a 1956 tare da William Shockley da Walter Brattain saboda ƙirƙiro tiransista, sannan a 1972 tare da Leon Cooper da Robert Schrieffer saboda bayanin yadda wasu ƙarafa, idan aka sanyaya su matuƙa, suke barin lantarki ya wuce ba tare da turjiya ba. Marie Curie ma sau biyu ta samu, amma ɗaya a fiziks ce, a 1903, ɗayar a kimiyyar sinadarai, a 1911. Mafi ƙarancin shekaru shi ne Lawrence Bragg, wanda ya samu a 1915 yana da shekara 25, tare da mahaifinsa William Bragg, mafi tsufa kuma Arthur Ashkin, a 2018, yana da shekara 96. Akwai gidajen da uba ya samu, ɗa ma ya samu daga baya, kamar Niels Bohr a 1922 da ɗansa Aage a 1975. Labarin gidan Thomson ya fi ba ni mamaki: uban, J. J. Thomson, ya samu a 1906 bayan ya gano ilektaron a matsayin ƙwaya, ɗan kuma, George, ya samu a 1937 saboda ya nuna cewa wannan ilektaron ɗin yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma dukansu biyu suna kan gaskiya.

TAMBAYA: Ina karatun fiziks a jami'a a Kano, mu mata kaɗan ne a ajinmu. Mata nawa ne suka samu wannan kyauta? Kuma da gaske ne an danne wa wasu haƙƙinsu?

AMSA: 'Yar'uwa, wannan tambaya ita ta fi taɓa ni a cikin duk wasiƙun da suka zo. Daga 1901 zuwa 2025, cikin mutane sama da 220 da suka samu kyautar fiziks, mata biyar ne kawai. Ta farko, Marie Curie, saura ƙiris a tsallake ta, domin masanan Faransa da suka ba da suna a 1903 mijinta Pierre da Henri Becquerel kaɗai suka ambata, sai da wani masanin lissafi na Suwidin, Gösta Mittag-Leffler, ya sanar da Pierre, shi kuma ya rubuta cewa aikin nasu ne su biyu. Shekara 60 suka wuce kafin ta biyu, Maria Goeppert Mayer, ta samu a 1963 saboda bayanin tsarin cibiyar ƙwayar zarra. Ita wannan baiwar Allah ta yi shekaru tana aiki a jami'o'in Amurka ba tare da cikakken albashi ba, saboda dokokin wancan zamani sun hana ɗaukar matar malami aiki a inda mijinta yake koyarwa. Aka sake jiran shekara 55 kafin Donna Strickland ta Kanada ta samu a 2018, a kan aikin hasken leza da ta yi tun tana ɗalibar digiri na uku a 1985, wanda a yau ake amfani da shi wajen aikin ido. Andrea Ghez ta biyo baya a 2020, sai Anne L'Huillier a 2023. Ita ta ƙarshen tana cikin aji a Jami'ar Lund aka yi ta kiran wayarta, ta amsa a lokacin hutun tsakiyar darasi, aka yi mata albishir, sannan ta koma ta ƙarasa wa ɗalibanta darasinsu.

Game da danne haƙƙi kuwa, akwai mata uku da masana tarihin kimiyya suke yawan ambata. Lise Meitner, 'yar Ostiriya, ta yi kusan shekara 30 tana aiki da Otto Hahn a Balin. Saboda asalinta Bayahudiya ce, ta tsere daga Jamus ta Hitler a Yulin 1938, ta ƙare a Suwidin. A Disambar wannan shekara Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, da ƙwayoyin niyutiron, suka samu sakamakon da suka kasa fassarawa, Hahn ya rubuta mata wasiƙa yana neman bayani. Ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka gane cewa cibiyar ƙwayar zarrar ce ta tsage gida biyu, suka kuma lissafa yawan ƙarfin da tsagewar take saki. A kan wannan aka gina tashoshin lantarki na nukiliya da makamansa, ko da yake ita ta ƙi shiga aikin haɗa bom. Kyautar kimiyyar sinadarai ta 1944 Hahn shi kaɗai aka bai wa, duk da cewa an ba da sunan Meitner fiye da sau 40 a tsawon shekaru. Da aka buɗe takardun kwamitin bayan shekara 50, masu bincike suka ga yadda aka raina gudummawarta. Daga baya aka sa wa sinadari na 109 sunanta.

Ta biyu ita ce Chien-Shiung Wu, 'yar asalin ƙasar Sin da ke koyarwa a Jami'ar Columbia ta Amurka. A 1956 Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka yi hasashen cewa a wasu al'amuran ƙananan ƙwayoyi halitta tana bambance dama da hagu, abin da kusan kowa yake ganin ba zai yiwu ba. Wu ce ta tsara gwajin da ya tabbatar da haka, da sinadarin kobalt da aka sanyaya har kusa da iyakar sanyi. A 1957 aka bai wa mazan biyu kyautar, kuma akwai gurbi na uku da aka bari a buɗe. Da aka kafa kyautar Wolf ta fiziks, ita aka fara bai wa, a 1978.

Ta uku, Jocelyn Bell Burnell, ɗaliba ce kamar ki. A 1967 tana da shekara 24 a Jami'ar Cambridge, ta yi shekara biyu tana cikin masu kafa turaku da ɗaura wayoyi na wata na'urar sauraron sararin samaniya da ta cinye fili kamar gona. Na'urar takan fitar da takarda mai tsawon kusan mita 30 kowace rana, da layin tawada a kanta, ita kuma takan bi ta da ido taku bayan taku. A cikin wannan tulin takarda ta lura da wani ɗan zane da bai kai faɗin farce ba, wanda yake dawowa daga wuri guda a sama. Ta nace a kansa har aka gano cewa bugu ne da ke zuwa kowane daƙiƙa ɗaya da sulusi, daga wani irin tauraro da ba a taɓa gani ba. A 1974 aka bai wa malaminta Antony Hewish kyautar tare da Martin Ryle. Ita dai ta sha faɗin cewa ba ta riƙe kowa a zuciya ba. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta musamman ta dala miliyan 3, ta bayar da ita gaba ɗaya domin a ɗauki nauyin ɗaliban fiziks mata da 'yan gudun hijira da sauran waɗanda ba su da yawa a fannin.

Adalci ne in ƙara da cewa akwai maza da ƙa'idojin suka tsallake. Robert Brout ya rasu a 2011, shekara ɗaya kafin CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, ta gano ƙwayar da shi da François Englert da Peter Higgs suka share wa hanya tun 1964, don haka su biyun suka karɓa a 2013. Stephen Hawking ya rasu a 2018 ba a tabbatar da babban hasashensa da gwaji ba. Amma matan nan uku suna raye a lokacin, aikinsu ya tabbata, kuma a dukkan shekarun nan uku akwai gurbi, saboda haka ban ga uzurin da za a kawo ba.

TAMBAYA: Ni maƙerin zinariya ne a Agadas. Lambar da ake bayarwa zinariya ce ta gaske?

AMSA: Ta gaske ce, Malam. Kafin 1980 da zinariya mai karat 23 ake yin ta, daga baya aka koma karat 18, faɗinta milimita 66, nauyinta kimanin giram 175. Akwai labarin da na san zai yi maka daɗi a matsayinka na mai sana'ar. A zamanin Hitler laifi ne babba a fitar da zinariya daga Jamus, amma masana biyu, Max von Laue da James Franck, sun aika lambobinsu ajiya a cibiyar Niels Bohr da ke Copenhagen, da sunayensu a rubuce a jiki. Da sojojin Jamus suka shiga Danmak a Afrilun 1940, masanin sinadarai George de Hevesy ya narkar da lambobin biyu a cikin ruwan asid mai cin zinariya, ya ajiye kwalbar a kan kanta cikin sauran kwalabe, inda ta zauna har yaƙi ya ƙare ba wanda ya kula da ita. Bayan yaƙin aka tace zinariyar daga ruwan, aka mayar da ita Stockholm, aka sake ƙera wa mutanen biyu lambobinsu.

TAMBAYA: Daga wani dattijo, tsohon ma'aikaci, a Zangon Kumasi: Shin akwai ɗan Afirka ko mutumin ƙasashen Musulmi da ya samu ta fiziks? In babu, me ya hana?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Har yau babu baƙar fata da ya samu ta fiziks. Akwai mutum biyu da aka haifa a Afirka, Claude Cohen-Tannoudji a Constantine ta Aljeriya, wanda ya samu a 1997, da Serge Haroche a Kasabalanka ta Maroko, wanda ya samu a 2012, amma dukansu Faransawa ne, a Paris suka yi karatu da aiki. Ahmed Zewail na Masar ya samu a 1999, tasa ta kimiyyar sinadarai ce, kuma a Amurka ya yi binciken.

Daga ƙasashen Musulmi akwai Abdus Salam na Pakistan, wanda ya samu a 1979 tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, saboda sun nuna cewa biyu daga cikin ƙarfafa huɗu da ke riƙe da halitta asalinsu ɗaya ne. Ya halarci bikin da rawani da tufafin ƙasarsa, kuma a jawabinsa na liyafa ya karanta ayoyi daga Suratul Mulk. Ɗan ƙungiyar Ahmadiyya ne, wadda majalisar Pakistan ta fitar daga jerin Musulmi a 1974, kuma wannan ya sa ƙasarsa ba ta rungume shi yadda ake zato ba. Tarihin rayuwarsa ya amsa kashi na biyu na tambayarka. Bayan karatunsa a Cambridge ya koma Lahore a 1951 da niyyar yin aiki a gida, ya tarar babu abokan bincike, babu mujallun ilimi, babu wanda zai tattauna da shi, sai ya koma Ingila a 1954. Wannan ciwo ne ya sa ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta duniya a birnin Trieste na Italiya a 1964, da tsarin da ke bai wa malamin jami'a daga ƙasa mai tasowa damar zuwa ya yi 'yan watanni cikin manyan masana sannan ya koma wa ɗalibansa. Masana da dama daga Najeriya da Ghana da Sudan sun ratsa ta wannan cibiya.

Misalin C. V. Raman na Indiya ya nuna cewa ana iya yi daga gida idan akwai wurin yi. Ma'aikacin kuɗi ne na gwamnati a Kalkata, yana zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje da 'yan ƙasa suka kafa, da asuba kafin aiki da kuma bayan an tashi, har ya ajiye aikin a 1917 ya karɓi kujerar farfesa mai ƙaramin albashi. Ranar 28 ga Fabrairu, 1928, ya tabbatar da yadda haske yake sauya launi kaɗan idan ya ratsa ruwa ko wani abu, ya samu kyautar a 1930, kuma Indiya tana bikin wannan rana kowace shekara a matsayin ranar kimiyya. Saboda haka abin da ya hana mu shi ne rashin ɗakunan gwaji masu kayan aiki da wuta tsayayya, da rashin kuɗin bincike mai ɗorewa shekara da shekaru, da tafiyar haziƙanmu zuwa inda ake da waɗannan. Akwai yunƙuri, kamar cibiyar kimiyyar lissafi ta AIMS da Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, wadda ta yi rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda.

TAMBAYA: Ina sayar da kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari. Me talaka ya ƙaru da shi a wannan kyauta ta Turawa?

AMSA: Alhaji, amsar tana cikin rumfarka. Rediyon da kake sayarwa ya samo asali daga aikin Guglielmo Marconi da Ferdinand Braun, waɗanda suka samu a 1909. Tiransistar da ke cikinsa ta su Bardeen ce. Ƙaramin allon da ke tafiyar da wayar hannu da kwamfuta yana komawa ga Jack Kilby, wanda ya samu a 2000, zaren gilashin da ke ɗauko intanet ta ƙarƙashin teku zuwa Legas kuma ga Charles Kao, wanda ya samu a 2009.

Amma ɗauki tocila ɗaya daga cikin waɗanda ake caji da hasken rana, irin wadda mai shayi yake ratayawa a teburinsa, ɗalibi kuma yake karatu da ita a ƙauyen da babu wuta, ka dubi 'yan ƙwayoyin da ke ba da farin haske a bakinta. Tun 1962 aka samu irinsu masu jan haske, daga baya aka samu kore, amma farin haske ba ya samuwa sai da shuɗi, shuɗin kuma ya gagari manyan kamfanonin duniya kusan shekara 30. Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura a wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia a tsibirin Shikoku na Japan, suka nace a kan wani sinadari da yawancin masu bincike suka riga suka yi watsi da shi, suna gina na'urorinsu da hannunsu, gwaji yana lalacewa suna sakewa, har shuɗin ƙwai mai haske sosai ya fito kasuwa a 1993. Su ukun aka bai wa kyautar 2014, kuma cibiyar da ta zaɓe su ta ambaci mutane sama da biliyan ɗaya da rabi da ba su da wutar lantarki a cikin waɗanda za su amfana.

Ladan da kamfanin ya fara bai wa Nakamura a kan wannan ƙirƙira yen 20,000 ne kacal, abin da bai kai dala 200 ba. Ya bar Japan ya koma koyarwa a Amurka, ya kai ƙara a 2001, aka sasanta a 2005 a kan yen miliyan 840. Shi kuwa Nick Holonyak, Ba'amurken da ya yi jan ƙwan na farko a 1962, ya rasu a 2022 yana da shekara 93, ba a kira shi daga Stockholm ba.